Maɓallan yanke da sandar kayan aiki a manhajar nunin hotuna: a sake musu tsari ko a bar su yadda suka zo?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba jera hotuna a haska su a majigi. Aikina ke nan: a turo mini hotuna rututu, in tace, in jera, in yanke gefen wasu, in sa rubutu a ƙasansu, in ba kowanne daƙiƙun da zai yi a allo. Zaɓen hoton da zai bi wani ba ya ba ni wahala. Neman umarni ne ke cin lokacina. 'Yan abubuwa kaɗan nake ta maimaitawa, amma kowanne yana wani shafi daban a saman manhajar, sai in yi ta kai da kawowa da linzami. An ce mutum na iya tsara sandar kayan aikin yadda yake so, har ya sa wa kansa maɓallan yanke, wato maɓallan madannai da ke aiwatar da umarni kai tsaye ba sai an bi menu ba. Shin in zauna in sake tsarin, ko in daure in haddace waɗanda manhajar ta zo da su? Da PowerPoint nake jerawa, da IrfanView kuma nake duba hotunan kafin in zaɓa.

Injiniya Nura:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Ki sake tsarin, kada ki yi wata-wata. Sai dai ki sani tun da wuri, PowerPoint na Windows ba shi da wurin da za ki ɗaura wa umarni maɓallin da kika ga dama, irin wanda Word yake da shi. Amma akwai dabara. Can sama akwai wata 'yar siririyar sanda mai suna Quick Access Toolbar. Duk umarnin da kike so, ki kai linzami kansa, ki danna ɓangaren dama, ki zaɓi a ƙara shi cikin wannan sandar. Yana shiga ya samu lamba gwargwadon matsayinsa a layi: na farko Alt da 1, na biyu Alt da 2, har zuwa 9. Maɓallan yanke tara ke nan ba ki girka komai ba. Daga na goma lambobin sun koma biyu-biyu, sauƙin ya ragu, don haka waɗanda kika fi buƙata su za ki sa a gaba. Kina kuma iya sauko da sandar ƙasa ta kusanci hoton, hannu ya huta da doguwar tafiya.

Amma kafin wannan, wasu abubuwan ma ba sa buƙatar maɓalli. Zancen daƙiƙu, ki shiga shafin Transitions, ki rubuta lokacin sau ɗaya, ki danna Apply To All, duk hotunan sun ɗauka. Daga baya sai ki bi 'yan tsirarun da suke buƙatar daɗewa ki ƙara musu. Shigar da hotuna kuwa, a shafin Insert akwai Photo Album, zai kwashe folda guda ya ba kowane hoto shafinsa. F4 kuma yana maimaita aikin da kika yi na ƙarshe.

Malam Bashir:
Injiniya, bayaninka ya yi kyau, amma ban bi ka ba wajen cewa ta sake tsari. Ni ne wanda ke zama bayan kwamfuta a ɗakin taro, mutane su zo da filash ɗinsu su miƙo. Abin da na daɗe ina gani shi ne, wanda ya gyara tasa kwamfutar ya saba da ita, ranar da ya zauna gaban wata sai ya rikice. Yatsa ba ya tsayawa tunani, inda ya saba nan yake zuwa. Ya danna Alt da 3 yana nufin yanke hoto, a wannan kwamfutar kuwa wani abu ne daban a gurbi na uku.

Maman Hanifa, ga abin da zan ce ki haddace, don duk inda kika je za ki tarar da su: F5 ya fara nuni daga farko, Shift da F5 ya fara daga shafin da kike, Esc ya fita, B ya baƙanta allo, W ya faranta shi, ki rubuta lambar shafi ki danna Enter ya kai ki can kai tsaye. Ko LibreOffice Impress aka ba ki, wata manhajar nuni mai kama da PowerPoint, waɗannan suna aiki. Wanda ya riƙe su ba zai ji kunya a gaban jama'a ba.

Injiniya Nura:
Malam, ai ban taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sandar da na faɗa ƙari take yi, ba ta cire komai. F5 yana nan inda yake. Kuma duk waɗanda ka lissafa na lokacin nuni ne, ita kuwa kukanta a lokacin haɗawa yake. Nuni na 'yan mintoci ne, haɗawa kuwa tana iya cin wuni.

Malam Bashir:
Na yarda da bambancin. Amma na san inda abin ke ƙarewa. Yau a ƙara sanda, gobe a ce F5 ya yi nisa bari a mayar da shi kusa. Ba a tsayawa.

Hajiya Rabi:
Malam Bashir, da girmamawa, akwai abin da ka tsallake. Kana magana kamar maɓallan da manhajoji suka zo da su tsari ɗaya ne. Ba haka ba ne, kowace da nata. Ɗauki harafin B kaɗai. A PowerPoint lokacin nuni, allo yake baƙantawa. A IrfanView, akwatin sarrafa hotuna da yawa a lokaci guda yake buɗewa. A Lightroom Classic, manhajar tace hotuna da gyara su, hoton yake jefawa cikin tarin wucin gadi. W fa? A PowerPoint farin allo, a IrfanView shi ke buɗe wurin shirya nunin hotuna, a Lightroom kuma abin daidaita farin launi yake ɗauko maka. L a IrfanView juya hoto hagu, a Lightroom rage hasken abin da ke kewaye da hoton. R a can juyawa dama, a nan yanke gefe. Mai ɗaukar hoto da ke shiga uku ɗin nan a rana ɗaya, yatsansa ya riga ya rikice tun bai canza komai ba. To in ya samu hanyar da zai sa su yi magana da baki ɗaya, ina laifinsa?

Ni Lightroom nake tacewa da shi, kuma ba shi da wurin canza maɓallai, dole na koyi nasa. Amma sun yi tsari mai ma'ana: P ka zaɓi hoto, X ka ƙi shi, U ka janye hukuncin, 1 zuwa 5 taurari. Ka kunna Caps Lock, duk hoton da ka yanke wa hukunci sai ya wuce na gaba da kansa. Ctrl da Enter ya haska maka abin da ka zaɓa nan take ka ga yadda za su bi juna. Sandar da ke ƙarƙashin hoto kuwa T ke ɓoye ta ya dawo da ita, kuma a ƙarshenta ta dama akwai ɗan kibiya da zai ba ka damar zaɓen abin da zai zauna a kanta. Na cire kusan komai, na bar tuta da taurari da juyawa.

Sadiq:
Anti Rabi, Allah ya ƙara sani. Ni ɗalibi ne, ban da halin waɗannan manyan. Akwai ta kyauta da za ta bar mutum ya canza maɓallan yadda yake so?

Abdulhadi:
Akwai, ƙanina, kuma sun fi na kuɗin sakin hannu a wannan fannin. A LibreOffice Impress ka shiga Tools, ka zaɓi Customize. Za ka ga shafi na sandunan kayan aiki, da shafi na madannai. A na madannan, sama jerin maɓallai ne, ƙasa jerin umarni, ka haɗa wanda kake so da wanda kake so. Ka kula da wani ɗan zaɓi a gefe: ko canjin ya tsaya a Impress kaɗai, ko ya shafi LibreOffice gaba ɗaya. Ka bar shi a Impress, in ba haka ba za ka buɗe wurin rubutu ka tarar da abin ya bi ka can. Akwai Save da Load a wurin, ka adana tsarinka a fayil ka tafi da shi.

XnView MP ma yana barin a gyara sanda da maɓallai daga cikin saitinsa. Amma wanda nake so Malam Bashir ya duba shi ne tsarin manhajojin ƙungiyar KDE masu yin manhajojin kyauta, irin su digiKam da Gwenview. A can kowane umarni gurbi biyu gare shi: maɓallin asali da na madadin. Ba sai ka tumɓuke na asali ba. Ka bar shi, ka ƙara naka a gurbi na biyu. Baƙo ya zauna ya danna wanda duniya ta sani, ya yi aiki. Kai ka danna naka, ya yi aiki. In kuma ka zaɓi maɓallin da wani umarni ya riga ya mallaka, sai ta tsayar da kai ta faɗa maka kafin ta karɓa.

Malam Bashir:
Wannan tsarin na gurbi biyu ban da ja a kansa. Da duka haka suke da ban buɗe baki ba.

Amma bari in faɗi abin da ya fi damuna, wanda babu wanda ya ambata. Rimot ɗin nan da mai jawabi ke riƙewa yana sauya hoto daga nesa, mutane na zaton wata na'ura ce ta musamman da ke magana da manhajar nuni. A wurin kwamfuta madannai ne kawai mai maɓallai kaɗan. Galibinsu in ka danna gaba, Page Down suke aikawa, baya kuma Page Up. Maɓallin fara nuni F5 yake aikawa, in ka sake dannawa Esc. Maɓallin rufe allo kuma B ko ɗigo. Wanda yake shakka ya buɗe doguwar takarda a Notepad, ya soka ɗan abin karɓar saƙon rimot ɗin, ya danna gaba. Zai ga rubutun ya yi tsalle shafi guda ƙasa.

Na taɓa karɓar kwamfutar wani mai jawabi da ya mayar da Page Down ɗinsa wani aiki daban don sauƙin kansa. Yana tsaye gaban mutane yana danna rimot, hoto ya ƙi motsi. Aka canza batir, aka canza rami, aka kawo wani rimot, duk a banza, jama'a na jira. Rimot lafiyarsa ƙalau, saƙon yana isa, fassara shi ake yi zuwa wani abu. Sai da kibiyar madannai aka ƙarasa nunin, ina zaune ina kallon hannunsa yana yi mini alama.

Injiniya Nura:
A nan kam gaskiyarka, Malam. Page Up, Page Down, F5, Esc, B, ɗigo, kibiyoyi huɗu da dogon maɓallin tazara, waɗannan ko ni ba na taɓawa, kuma ba zan ba kowa shawarar taɓa su ba.

Sai dai matsalar mutumin nan ita ce ya yi canjin da ya game kwamfutar gaba ɗaya. Ba haka ake yi ba. Hanyoyi biyu ne sanannu a Windows na ɗora maɓallai daga wajen manhaja. Na farko PowerToys na Microsoft, kyauta ne, cikinsa akwai Keyboard Manager. Wajen canza haɗin maɓallai zai tambaye ka wace manhaja abin zai shafa, ka rubuta sunanta kamar powerpnt.exe, canjin ya tsaya a nan. Dole PowerToys ya kasance a kunne, kuma akwai waɗanda ba ya iya taɓawa, kamar maɓallin Windows da L, ko Ctrl da Alt da Delete. Na biyu AutoHotkey, wanda ke nan tun 2003. Shi sai ka rubuta masa umarnan da kanka a fayil, amma ya fi zurfi nesa ba kusa ba.

Ga inda bambancin yake da muhimmanci ga wannan muhawarar. A wurin PowerToys, tagar da kake haɗa aiki da tagar da ke haska nuni duk PowerPoint ne, suna ɗaya. AutoHotkey kuwa yana iya rarrabe su, don Windows ya ba kowace taga nau'inta: ta haɗa aiki PPTFrameClass, ta nuni screenClass. Sai ka ce maɓallanka su yi aiki a ta farkon kaɗai. Kana danna F5 nuni ya fara, duk gyare-gyarenka sun yi shiru, rimot ya samu komai yadda ya sani. Kana fita sun dawo.

Maman Hanifa:
Injiniya, wannan na ƙarshen ya fi ƙarfina a yanzu. Amma na gane abin da ake nufi, a raba lokacin haɗawa da lokacin nunawa.

Baba Ilu:
'Ya'yana, ina biye da ku. Na yi aiki da majigin Kodak Carousel, mai zagayayyen faranti a sama da ke ɗaukar hoto 80. An daina ƙera shi a 2004. Abin da ke hannun mai nuni shi ne gaba, baya, da daidaita kaifin hoto. Duk wahalar a jera hotunan cikin farantin take, kowanne a kife, kai a ƙasa, don ya fito daidai a bango. In ka gama wannan, ranar nuni hankalinka na kan mutane. Abin da nake gani yanzu, mai nuni na laluben maɓalli, kibiyar linzami na yawo a fuskar wanda ke cikin hoton, 'yan alamomi na leƙowa a ƙasan allo. Ku gyara sandunanku yadda kuke so, amma kada mai kallo ya gan su.

Abdulhadi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganin wannan biyu ne. A danna maɓallin Windows da P a zaɓi Extend, sai majigi ya zama allo na biyu: hoto zalla a can, kayan aiki da hoto na gaba a gaban mai nuni. Sannan a PowerPoint lokacin nuni, Ctrl da H yana ɓoye kibiyar linzami da 'yan alamomin ƙasan, Ctrl da A ya dawo da kibiyar.

Hajiya Rabi:
Maman Hanifa, tunda kin ce da IrfanView kike dubawa, akwai abin da ya fi duk saurin nan muhimmanci a wurina. Delete ba ma'ana ɗaya gare shi ba. A PowerPoint in kika goge shafi, hoton asali na nan a foldarsa. A manhajar duba hotuna kuwa, fayil ɗin kansa kike gogewa. In an yi sa'a yana kwandon shara. In hoton a filash yake ko a katin kyamara, yawanci ba ya bi ta kwandon ma, ya tafi ke nan. Mutum na cikin sauri, ya fito daga inda Delete ke nufin "cire daga jeri", ya shiga inda yake nufin "hallaka", yatsa bai san an sauya wuri ba. Hotunan wasu kike riƙe da su, amana ce.

Shi ya sa gyaran farko da nake yi wa kowace manhajar dubawa ragi ne. Ki danna P a IrfanView saitinsa ya buɗe, ki je sashen sandar kayan aiki ki cire alamar gogewa daga kanta, ki kuma tabbatar zaɓin nan na tambaya kafin gogewa yana kunne. Mutane na kashe shi wai yana ɓata lokaci. Daƙiƙa ɗaya ce. Kuma kada ki taɓa tacewa daga kan katin kai tsaye, ki kwafe tukuna.

Sai juyawa. L da R juya abin da kike gani kawai suke yi. In kika adana bayan haka, hoton JPEG ana sake matse shi, kuma kowace matsa tana rage masa inganci kaɗan. Akwai Shift da J, wanda ke juya JPEG ba tare da sake matsewa ba, in dai an girka ƙarin kayan IrfanView ɗin. A ƙaramin allo ba za ki ga bambanci ba, a bango kuwa komai na fitowa.

Zulaihat:
Ina so in ƙara wani abu ga masu sa rubutu a ƙasan hotuna. Ku guji ɗora maɓallan yanke a kan Ctrl da Alt tare da harafi. Windows na ɗaukar Alt na dama, wanda ake rubuta wa AltGr, tamkar Ctrl da Alt ne a haɗe. A tsare-tsaren madannai da dama, da shi ake fitar da haruffa na musamman, har da masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ a wasu tsare-tsaren. In ka ba Ctrl da Alt da K wani aiki, sai ka zo rubuta ƙ manhaja ta buɗe maka wani akwati. Ctrl da Shift ya fi aminci.

Kuma ba duk madannai ne jerinsu ɗaya ba. Na Faransa A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, lambobin layin sama kuma sai da Shift suke fitowa. Na Jamus Z da Y ne suka sauya. Wanda ya gina tsarinsa kan lambobi ko kan kusancin haruffa, ya san da wannan in zai yi aiki a irin waɗannan.

Sadiq:
Ni matsalata ma F5 ɗin ne, Malam Bashir. A laftof ɗina in na danna shi wani abu daban yake yi, nuni ba ya farawa.

Malam Bashir:
Ka haɗa shi da Fn. Laftof da yawa sun ba layin saman aikin sauti da haske, F ɗin ya koma na biyu. A wasu Fn da Esc yana juya lamarin ya zauna haka, a wasu sai an shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi. Ka gwada tun a gida. Kuma kada ka yi ta buga Shift don gwaji, in ya kai sau biyar a jere Windows zai fito da tambayar Sticky Keys a tsakiyar allo.

Ummi:
Ga masu Mac, abin ya zo da sauƙi. A saitin kwamfutar, sashen madannai, akwai App Shortcuts. Ka zaɓi manhaja, ka rubuta sunan umarnin daidai yadda yake a menu, ka ba shi maɓalli. Daidai fa nake nufi, har ɗigo ukun da ke bin wasu sunayen, in ka bar su ba zai kama ba. Sandar sama kuwa a manhajojin Apple, danna dama a kanta ka zaɓi gyarawa, sai ka ja abin da kake so ka ajiye, wanda ba ka so ka ja shi waje.

Malam Bashir:
Bari in sake jefo wata, don har yanzu ban gamsu da ɓata lokaci mai yawa kan wannan ba. Manhajoji mutuwa suke yi. Google ya dakatar da Picasa a 2016, mutane da yawa da shi suke nunin hotunansu. Kamfanin Photodex mai ProShow ya rufe a 2020, kuma akwai waɗanda sana'arsu kacokan a kansa take. Duk wanda ya zauna ya ƙawata wa waɗannan tsari, ina tsarin yake yau?

Injiniya Nura:
Malam, wannan hujjar ai tawa ce. Wanda ya haddace maɓallan Picasa na asali shi ma ya rasa su, daidai da wanda ya gyara. Wanda bai yi asara ba shi ne mai tsarin kansa: ya san wannan yatsan shi ke yanke hoto, wancan shi ke juyawa, ko wace manhaja ta zo sai ya ɗora mata. Manhajar ta tafi, sabon hannun na nan.

Hajiya Rabi:
In dai sabuwar ta yarda a ɗora mata. Ba duka ke yarda ba, na faɗi misali ɗazu.

Injiniya Nura:
Shi ya sa nake riƙe da AutoHotkey, Hajiya. Ba ya neman izinin manhajar.

Abdulhadi:
Akwai ɓangaren da muka bari, wato ita sandar kanta. Mutane na gano ana iya ƙara alamomi sai su cika ta maƙil. A ƙaramin allon laftof rabinsu sai su ɓuya bayan wata kibiya, an koma gidan jiya. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. Ƙananan alamomi birjik a can ƙuryar sama sun saɓa wa duka biyun. Gefen allo kuwa yana da wata fa'ida, linzami ba ya wuce shi, ko da ƙarfi ka tura nan zai tsaya. FastStone Image Viewer ya yi amfani da wannan da kyau: hoto ya cika allo babu komai a kansa, ka tura linzami sama ƙananan hotunan foldar su sauko, hagu kayan gyara, dama bayanan hoton, ƙasa sandar sarrafawa. Ka janye su ɓace.

Yadda nake raba su: abin da nake yi a kusan kowane hoto, maɓalli, kuma a ɓangaren hagu na madannai, don dama na kan linzami. Abin da nake yi jefi-jefi, alama a sanda, don ba zan tuna maɓallinsa ba. Sauran su zauna a menu.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na yi. Na sa shigar da hoto, yankewa, daidaitawa a tsakiya ta tsaye da ta kwance, da akwatin rubutu a 'yar sandar, na sauko da ita ƙasa. Na cire alamar gogewa a IrfanView. Maɓallan nuni ban taɓa ko ɗaya ba. Saura tambaya ɗaya: wani lokaci a kwamfutar ofis nake ƙarasa aikin, kuma ba ni kaɗai ke amfani da ita ba. Yaya zan tafi da sandar tawa can?

Injiniya Nura:
Hanya biyu. A saitin PowerPoint, sashen wannan sandar, akwai Import/Export a ƙasa, zai fitar miki da ɗan fayil mai ƙarewa da exportedUI. Amma in kika shigar da shi a wata kwamfutar, yana share duk gyaran da ke can ya ɗora naki. Tunda ta jama'a ce, ba zan so ki yi haka ba.

Ta biyun ta fi dacewa da ke. A saman wannan sashen ta dama akwai wurin zaɓi da ke cewa gyaran na duk takardu ne. Ki sauya shi zuwa sunan fayil ɗin da kike aiki a kai, sannan ki ƙara umarnan. Sai su zauna a cikin fayil ɗin, duk inda kika buɗe shi su bayyana, kina rufewa su tafi, ba ki taɓa wa kowa komai ba. Ki yi fayil guda babu hotuna mai ɗauke da su, ki riƙa kwafarsa duk sabon aiki. Lambobin Alt ɗin dai na iya bambanta a can, don alamomin da kwamfutar ke da su ma suna cikin lissafi. Ki danna Alt shi kaɗai ki saki, lambar kowanne za ta fito a kansa.

Malam Bashir:
Wannan ta biyun ban san da ita ba, kuma ta yi mini, don ba ta bar wa na baya matsala. Injiniya, tambaya ta gaskiya: in wani ya kawo mini laftof mai AutoHotkey a kunne kuma ban san abin da ya rubuta a ciki ba, me zan yi kafin taro ya fara?

Injiniya Nura:
Ka duba kusa da agogo a ƙasan allo ta dama, Malam, za ka ga koren akwati mai harafin H, wani lokaci sai ka buɗe 'yar kibiyar da ke ɓoye sauran alamomin. Danna dama a kansa ka zaɓi Suspend Hotkeys, ko Exit in kana so ya tafi gaba ɗaya. In PowerToys ne, shi ma alamarsa na wurin, ka fita daga cikinsa. Sannan ka fara nunin ka gwada rimot ɗin, gaba, baya da rufe allo, tun mutane ba su shigo ba.